Corolla ko Civic? Yadda Ake Lissafin Hayar Mota ta Shekara Uku a Amurka

Da ƙarfe bakwai na safe, babbar hanyar Katy Freeway da ke yammacin birnin Houston a jihar Texas takan cika maƙil. Hanya ce mai faɗin gaske, domin a inda ta fi buɗewa, idan aka haɗa da ƙananan titunan da ke gefenta, ana ƙirga layi har 26. Duk da haka motoci kan yi jerin gwano, a taka birki, a ɗan gusa, a sake takawa. Wanda ke zaune a garin Katy yana aiki a tsakiyar Houston yana da tafiyar mil 30 a gabansa, wato kilomita 48, ta ɗan zarce tazarar Kano zuwa Wudil. Da yamma kuma ya sake bin ta zuwa gida. Jirgin ƙasa na cikin gari bai kai can ba, kuma ba a san acaɓa ko A-Daidaita-Sahu ba. A irin wannan wuri, ranar da mota ta ƙi tashi, albashi ne ke girgiza.

Da yawa daga cikin sababbin motocin da ke kan wannan hanya ba mallakar masu tuƙa su ba ne. Haya suka ɗauko, ta shekara biyu ko uku. Ƙididdigar kamfanin Experian ta nuna kafin 2020 kusan kashi 30 cikin 100 na sababbin motocin da ake fitarwa daga wurin dillalai a Amurka haya ce. Adadin ya faɗi ƙasa da kashi 20 a 2022, lokacin da motoci suka yi ƙaranci, sannan ya farfaɗo zuwa kusan ɗaya cikin huɗu a 2024. Ma'aikacin da ke neman ƙaramar mota mai tsimin mai don zuwa aiki da cefane da kai yara makaranta, sau da yawa zaɓinsa kan tsaya tsakanin sunaye biyu da mai karatu ya sani sarai: Toyota Corolla da Honda Civic.

Tsarin hayar kansa ba shi da wuyar ganewa. Mutum ya je wurin dillali ya zaɓi mota sabuwa dal. Kamfanin kuɗi, galibi reshen kamfanin da ya ƙera motar, shi ne zai saye ta, sunansa ne a takardun mallaka. Mai haya zai riƙa biyan wani adadi duk wata, yawanci na wata 36, yana hawa da sharaɗin kada ya wuce wani nisan tafiya a shekara. Wa'adi na cika sai ya mayar da makulli, ko kuma ya saye motar a kan farashin da aka rubuta tun ranar farko. Biyan wata-wata ya fi na bashin sayen mota sauƙi, shi ya sa mutane ke rububinsa. Amma bayan shekara uku mai bashi yana da mota a ƙofar gida, mai haya kuwa sai dai ya sake shiga wata yarjejeniyar.

Motocin biyu tsofaffin abokan hamayya ne. Corolla ta fito a 1966, kuma zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50, babu wani sunan mota da ya kai ta. Civic ta biyo baya a 1972. Abin da ya sabunta gasar a 'yan shekarun nan shi ne nau'in da ke haɗa injin fetur da na lantarki. Corolla Hybrid ta shiga kasuwar Amurka da samfurin 2020, Honda kuma ta dawo da Civic Hybrid a samfurin 2025, har ta lashe kambun motar shekara ta Arewacin Amurka a wannan shekarar.

A shan mai, kusan kunnen doki suke. Hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda ke auna wannan, ta ba Corolla Hybrid mafi araha mil 50 a galan ɗaya, Civic Hybrid kuma mil 49. Da ma'aunin da aka saba da shi a gida, kimanin kilomita 21 ke nan a lita guda. A ƙarfi kuwa akwai rata: Corolla tana da ƙarfin doki 138, Civic 200, kuma direba zai ji wannan bambanci duk lokacin da zai kutsa cikin babbar hanya inda manyan motoci ke sharara gudu. Civic ta fi sarari. Wurin miƙe ƙafa a kujerar baya ya kai inci 37.4, na Corolla 34.8. But ɗin Civic yana cin kusan lita 420, na Corolla kusan 370. Ita kuma Corolla tana da abin da Civic ba ta da shi, wato nau'in da duka tayoyi huɗu ke ja, wanda ke da amfani ga mazaunin Minnesota ko Ohio inda dusar ƙanƙara ke rufe titi, amma ba ya ƙara wa mutumin Houston komai sai kuɗi. Sannan ga babban abin: a samfurin 2025, Corolla Hybrid mafi araha ta fi Civic Hybrid mafi araha sauƙi da kusan dala 5,000.

Wanda ya saba da sayen mota zai ce magana ta ƙare, a ɗauki mai araha. A haya ba haka lissafin yake ba.

Mai haya ba kuɗin mota yake biya ba. Yana biyan darajar da motar za ta rasa a hannunsa ne, sai kuma ladan kamfanin da ya zuba kuɗinsa. Tun kafin a sa hannu, kamfanin ya riga ya ƙiyasta nawa motar za ta yi bayan shekara uku, kuma wannan ragowar daraja ita ce ƙashin bayan yarjejeniyar. A ɗauki misali da lambobi masu sauƙin lissafi. Mota ta farko dala 25,000 ce, an ƙiyasta za ta riƙe kashi 60 cikin 100 na darajarta, wato dala 15,000. Abin da ta rasa dala 10,000 ne, a raba wata 36, ya zama dala 278. Mota ta biyu dala 30,000 ce, amma an ƙiyasta za ta riƙe kashi 65, wato dala 19,500. Ta rasa dala 10,500, wato dala 292 a wata. Ratar dala 5,000 da ke rubuce a gilashin motocin ta koma dala 14 a wata.

Saura ladan kamfani. Ana fitar da shi ta hanyar haɗa farashin mota da ragowar darajarta, a ninka da wata 'yar ƙaramar lamba mai kama da 0.0025. Lambar ba ta da ban tsoro a ido, amma idan aka ninka ta da 2,400 sai ta bayyana a matsayin kuɗin ruwa na shekara: 0.0025 daidai take da kashi 6 cikin 100. Da wannan lamba, mota ta farko za ta ƙara dala 100 a wata, ta zama 378. Ta biyu za ta ƙara 124, ta zama 416. To, idan a wannan watan kamfanin mota ta biyu yana son kayansa su tafi, ya sauke tasa lambar zuwa 0.0015, biyan zai dawo dala 366. Motar da ta fi tsada da dala 5,000 ta zama mafi arahar haya. Wannan ba abin mamaki ba ne a kasuwar, kamfanoni kan sauya waɗannan lambobi duk wata, kuma sukan bambanta daga yanki zuwa yanki. Shi ya sa amsar da ta dace a watan Maris a Texas za ta iya zama kuskure a watan Yuni a New York.

Akwai doka tun 1976 da ta tilasta wa masu ba da hayar su rubuta wa mutum farashin da aka yi lissafi a kai, da ragowar daraja, da jimillar ladan haya, da iyakar tafiya. Sai dai dokar ba ta tilasta a faɗi waccan ƙaramar lamba ba, kuma dillali yana da damar ɗora wani abu a kan wadda kamfani ya ba shi, ya ci ribar tsakani. Wanda bai tambaya ba, ba za a gaya masa ba. Haka kuma mutane da yawa ba su san cewa farashin motar haya ana cinikinsa kamar na motar sayarwa ba. Ragowar daraja kuwa ba ta taɓuwa, don daga sama ake aiko ta. Duk dala 1,000 da aka rage a farashi tana sauke biyan wata da kusan dala 30.

Duk wannan lissafi ba shi da amfani idan mutum bai fara auna hanyarsa ba, kuma a nan ne mafi yawan masu kuka suke samun abin kukansu. Yarjejeniyoyi kan zo da iyakar mil 10,000, ko 12,000, ko 15,000 a shekara. Duk mil ɗin da ya hau kan haka ana cajinsa a ƙarshe, daga santi 15 zuwa 30, gwargwadon kamfani da tsadar motar. Hukumar manyan hanyoyi ta tarayya ta daɗe tana ba da matsakaicin abin da direba ɗaya ke yi a shekara a kusan mil 13,500. Ke nan matsakaicin direba ma ya wuce iyakar da aka fi tallatawa.

A kwatanta maƙwabta biyu a unguwa ɗaya a Katy. Ɗaya ma'aikaciyar jinya ce a Texas Medical Center, rukunin asibitocin da ake ɗauka mafi girma a duniya. Kamar yadda aka saba a aikin jinya a can, tana yin awa 12 sau uku a mako. Mil 60 zuwa da dawowa, sau uku, a mako 48, ya ba da mil 8,640. A ƙara mil 3,000 na kasuwa da makarantar yara da ziyara, tana nan ƙasa da 12,000. Maƙwabcinta yana zuwa ofis kwana biyar. Shi nasa zuwa aiki kaɗai mil 14,400 ne. Ya ƙara da zirga-zirgar gida, ya leƙa 'yan'uwa a Dallas sau biyu ko uku, wanda mil 240 ne a tafi kawai, sai ga shi a 18,000. Idan ya sa hannu a kan 12,000 don biyan wata ya yi sauƙi, bayan shekara uku ya wuce da mil 18,000. A santi 15, dala 2,700 ke jiransa ranar mayar da makulli. A santi 25, dala 4,500. Hanya ɗaya suke bi, nisa ɗaya, amma yarjejeniyar da ta yi wa ɗaya daidai za ta yi wa ɗayan illa.

Mafita ita ce a sayi ƙarin mil tun farko, don ya fi araha a lokacin, ko da yake zai sauke ragowar daraja ya ɗaga biyan wata. Amma gaskiyar da dillali ba zai yi saurin faɗa ba ita ce, mai yin mil 18,000 ko 20,000 a shekara bai kamata ya yi haya ba sam. Akwai wani dalilin ma bayan caji. Toyota da Honda duka suna ba da garantin shekara uku ko mil 36,000, duk wanda ya riga cika. Daɗin haya shi ne mutum yana cikin garanti daga farko har ƙarshe. Mai mil 18,000 zai cinye garantin a shekara biyu, ya shiga ta uku yana iya biyan gyaran motar da ba tasa ba. Garantin inji da giya ya fi tsawo, shekara biyar ko mil 60,000, amma bai shafi na'urar sanyaya mota ko kayan lantarkin gaban direba ba. Haka wanda ke tunanin zai riƙa ɗaukar fasinja da Uber da yamma don rage zafi: yawancin yarjejeniyoyin haya sun hana amfani da motar don kasuwanci, ko da ba su hana ba mil ɗin zai kashe shi.

Irin hanyar ma tana da tasiri, ba tsawonta kaɗai ba. Motar da ke haɗa fetur da lantarki ta fi nuna gwanintarta a cunkoso. Idan direba ya taka birki, ƙarfin da zai tafi a banza ana mayar da shi baturi. Idan aka tsaya cak, injin fetur ya mutu da kansa, kuma a tafiyar hawainiya lantarki ne ke jan motar. Shi ya sa Corolla Hybrid ke yin mil 53 a galan a cikin gari amma 46 a buɗaɗɗiyar hanya, akasin motar fetur zalla. Civic Hybrid tana yin 50 da 47. Kamfanonin biyu ba sababbin shiga ba ne a wannan fanni, Toyota ta fitar da Prius tun 1997, Honda ta fitar da Insight a 1999, kuma babu wadda ake jona wa wuta a cikin motocin biyu, su ke cajin kansu.

Tambayar da ta fi ta Corolla ko Civic muhimmanci a nan ita ce ko ƙarin kuɗin mai lantarkin zai fita. Corolla mai fetur zalla tana yin kusan mil 35 a galan. A tafiyar mil 15,000 za ta sha galan 429, mai haɗin kuma 300. Idan galan dala 3 ne, an tsira da kusan dala 390 a shekara, wato dala 32 a wata. Muddin bambancin hayar bai kai haka ba, mai haɗin ta ci. Tsakanin masu haɗin biyu kuwa, ratar galan shida ce a shekara, ba ta isa a tsaya jayayya a kanta ba. Motoci masu lantarki zalla sun taɓa rikita wannan lissafi, lokacin da dokar da aka yi a 2022 ta ba kamfanonin haya rangwamen haraji na dala 7,500 a kan kowace mota, suka riƙa sauke farashin haya har wata mai tsada ta dawo arahar Corolla. Wannan rangwame ya ƙare ranar 30 ga Satumba 2025.

Talla kuma tana da nata salon. Za a rubuta da manyan baƙaƙe, a misali, dala 249 a wata, a ƙasa da ƙananan baƙaƙe a ce sai an ajiye dala 3,999 ranar sa hannu. A raba wannan kafin alƙalami gida 36, dala 111 ce, ainihin hayar ta zama 360, ban da haraji. Hanyar da za a kwatanta tayi biyu da adalci ita ce a haɗa duk abin da zai fita daga aljihu, da na ranar farko, da na wata-wata, da kuɗin buɗe yarjejeniya wanda kan kai ɗaruruwan daloli, da kuɗin mayar da mota wanda galibi dala 300 zuwa 500 ne, sannan a raba da yawan watanni. Kuma ajiye kuɗi mai yawa tun farko ba dabara ba ce. Idan aka sace motar ko ta yi haɗarin da ba ta gyaruwa a wata na uku, inshora kamfanin da ya mallake ta za ta biya, kafin alƙalamin mai haya kuwa sau da yawa ya bi ruwa.

Haraji ma ya danganta da jiha. A yawancin jihohi ana ɗora shi ne a kan biyan wata-wata. Texas ta bambanta: ana cajin kashi 6.25 cikin 100 na dukkan farashin motar, kamar an saye ta, kuma kamfani kan mayar da nauyin kan mai haya. A motar dala 25,000, harajin ya kai dala 1,562, a ta 30,000 kuma 1,875. A nan farashin da ke gilashi ya sake samun bakin magana, kuma Corolla ta ɗan rama.

Sai tarihin bashi. Farashin da ake tallatawa na waɗanda makinsu na biyan bashi ya yi sama ne, a ma'aunin da ke tashi daga 300 zuwa 850. Baƙon da bai daɗe da sauka ba, ko likita ne, ba shi da tarihi a wannan ma'auni, don haka ko a hana shi, ko a ɗora masa lamba mai tsada, ko a nemi wanda zai tsaya masa. Wanda ya tsaya kuwa ya san cewa bashin ya zama nasa idan aka gaza.

Inshora dole ce, kuma cikakkiya, ba mafi ƙanƙantar da jiha ta yarda da ita ba, tunda mai motar yana kare dukiyarsa ne. Yana da kyau a nemi farashin inshorar kowace daga cikin motocin biyu kafin a zaɓa, domin bambancin dala 20 a wata a nan zai iya goge ribar da aka samu a ciniki. Akwai kuma wadda ake kira GAP, mai cike giɓin da ke tsakanin abin da inshora ta biya da abin da kamfanin haya ke bi idan mota ta salwanta. Hayar Honda ta saba zuwa da ita a ciki, a ta Toyota kuwa galibi sai an saya daban. Toyota ta rama ta wani ɓangaren, tana yin juyen baƙin mai da sauran ƙananan sabis kyauta na shekara biyu ko mil 25,000. Honda ma tana da irinsa, amma wa'adinsa ya sha sauyawa daga samfurin wata shekara zuwa wata, sai an duba.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai lura cewa ba a ambaci abin da ya fi damunsa ba idan zai sayi mota: ƙarko, da samun kayan gyara, da ko makanike ya san ta. A wurinmu waɗannan ne suka ɗaukaka Toyota, don motar da aka saya za a hau ta shekara goma ko fiye, a kan hanyoyin da ba sa tausayi. A hayar shekara uku wannan hikima ba ta da aiki kai-tsaye. Babu ɗaya daga cikin motocin biyu da ake sa ran za ta ba da matsala a mil 36,000 na farko, kuma garantin baturin Toyota na shekara goma ko mil 150,000 wanda zai saye ta daga baya ne zai ci moriyarsa. Ƙarkon yana shigowa ne ta bayan gida, ta hanyar ragowar daraja: saboda kasuwa ta yarda motar za ta daɗe, ba ta faɗuwa da sauri, haya ta yi sauƙi. Kuma masu saye a Afirka ta Yamma suna cikin wannan kasuwa. Motar da aka mayar takan koma filin dillali ko gwanjo irin na Manheim, ta yi hannu na biyu da na uku a Amurka, wasu kuma bayan shekaru, sau da yawa bayan sun yi haɗari an yi gwanjonsu a Copart ko IAA, su hau jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano.

Musulmin da ke zaune a Amurka yana da ƙarin tambaya, kuma ba ƙarama ba ce. Haya a kanta halal ce, babin ijara sananne ne a fiƙihu. Sai dai a ijara mai abu shi ke ɗauke da asarar abinsa idan ya halaka ba da sakacin mai haya ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta yi bayani kan hayar da ke ƙarewa da mallaka, inda ta sharɗanta a raba ƙulla haya da ƙulla ciniki, kuma inshora da manyan gyare-gyare su kasance a wuyan mai motar. Yarjejeniyar Amurka tana ɗora inshora a kan mai haya, tana da tarar jinkirin biya, kuma ana fitar da ladanta da lissafin kuɗin ruwa. Wanda abin ya dama ya kai wa malamin da ya san harkar kuɗi takardar kanta, ba labarinta ba. A Nijeriya bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, suna amfani da ijara da murabaha, kuma akwai dokar hayar kayan aiki ta 2015, amma hayar sabuwar mota ga ɗaiɗaikun ma'aikata ba ta yi ƙarfi ba. Dalilin yana cikin lissafin da aka yi a sama. Tsarin ya dogara ne da iya hasashen darajar mota nan da shekara uku, kuma wanda ya ga dala ta tashi daga kusan naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024 ya san babu kamfanin da zai yi wannan alkawari da arha.

Idan aka dawo kan motocin biyu, hukuncin bai da wuya sosai. Civic Hybrid ta fi zama mota mai daɗin tuƙi da zama, kuma wanda zai shafe awa biyu kullum a cikinta, ko yake da yara masu tasowa a kujerar baya, zai ji amfanin kowane inci da kowane doki. Idan jimillar lissafi ta nuna ratar ba ta wuce dala 30 ko 40 a wata ba, ta cancanci kuɗinta. Wanda kuwa shi kaɗai ne a mota, tafiyarsa cikin gari ce, kuma kowace dala tana da inda za ta, ko yana aika wani abu gida duk wata, Corolla Hybrid za ta kai shi inda Civic za ta kai shi da mai iri ɗaya. Gwajin da ya fi zagayen minti goma da dillali shi ne a zo da kujerar jariri a ɗaura ta a baya, a saka keken yaro a but, a hau babbar hanya a ji ƙarar inji lokacin da aka taka totur.

Abu ɗaya da babu ruwansa da sunan mota shi ne fita kafin wa'adi. Wanda aka sauya wa wurin aiki, ko ya yanke shawarar komawa gida bayan shekara ɗaya, zai tarar cewa warware haya na iya cin dubban daloli, kuma ba kowane kamfani ke yarda a miƙa wa wani ragowar yarjejeniyar ba. Duk wanda zamansa bai tabbata na shekara uku ba, wannan sakin layi na takardar ya fi masa adadin doki muhimmanci.

Ana saura 'yan makonni wa'adi ya cika, kamfani kan turo mai duba mota. Zai auna kaurin taya, ya duba tsagewar gilashi, da lotsawar jiki, da ƙunar sigari ko yagewa a kujera. Ƙananan ƙwarzane ana yafe su, manya ana rubuta kuɗinsu, shi ya sa masu wayo ke zuwa su gyara a waje da arha kafin ranar. Daga nan mai haya zai duba farashin sayen da aka rubuta shekara uku baya, ya gwada shi da abin da irin motar ke yi a kasuwa. Idan kasuwa ta faɗi ƙasa da shi, ya miƙa makulli, asarar ta kamfani ce. Idan ta haura, ribar tasa ce. Haka ta faru a 2021 da 2022, lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin kwamfuta da ake sa wa motoci ya tsayar da masana'antu, farashin motocin hannu ya yi tashin gwauron zabo. Waɗanda suka ɗauki haya a 2018 da 2019 sun tarar motocinsu sun fi farashin da ke takarda da dubban daloli, da yawa suka saye su, wasu suka ci gaba da hawa, wasu suka sayar a take. Mai mil 18,000 ma yana da wannan ƙofa, domin wanda ya saye motar ba a cajinsa kuɗin wuce iyaka ko na lotsawa.